Royal Wulff ɗina na kifewa yana nutsewa, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Bozeman ta jihar Montana, bara wani abokin karatuna ya koya min kamun kifin tirawut da ƙudan ƙarya, wato ƙugiyar da ake ɗaura wa gashi ta yi kama da ƙwaro, abin ya shiga raina har na sayi kaya na fara ɗaura nawa. Matsalata irin ƙudan nan da ake kira Royal Wulff ce. Duk wanda na ɗaura in na jefa sai ya faɗi ta fuska ko ya kwanta ta gefe, jifa uku huɗu ya jiƙe ya nutse, ga shi yana murɗe min tifet, siririn zaren ƙarshen nan da ake ɗaura ƙudan a jikinsa. Kuma wasu sun ce min wai ƙudaje masu fiffiken gashi tsohon yayi ne, in koma na soso kawai in huta. Dan Allah ina kuskuren yake, kuma akwai amfanin in ci gaba da wahala a kansu?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba da sa'ar karatu. In na fahimce ka abu huɗu ka kawo, kifewa, nutsewa, murɗe tifet, sai kuma maganar wai an daina yayinsu. Ukun farko kusan uwarsu ɗaya, awo ne da yawan gashi, na huɗun kuma ba sai mun yi dogon musu ba in ka san dalilin da ya sa aka ƙirƙiri ƙudan tun farko. Dan haka bari in fara ta nan.

Asalin abin

Kafin 1930 yawancin ƙudajen saman ruwa da ake amfani da su a Amurka salon Ingila suka biyo, sirara ne, fiffikensu na gashin tsuntsu, an yi su ne dan rafuka masu kwanciya da ruwansu ke tafiya a hankali. Toh Lee Wulff yana kamun kifi a rafukan jihar New York masu duwatsu da tsalle-tsallen ruwa irin su Ausable da Esopus, ya ga waɗannan siraran ba sa jurewa, kifi ɗaya biyu sun lalace, ruwa ya ɗan yi ƙarfi sun nutse. Wajajen 1929 zuwa 1930 sai ya ɗaura nasa da gashin jelar barewa a fiffike da wutsiya, ya kauraro jikin, ya cika musu gashin wuyan zakara wanda muke cewa hakul. Daga nan aka samu Gray Wulff da White Wulff da Royal Wulff. Shi Royal ɗin jikinsa aro ne daga Royal Coachman da John Haily ya ɗaura a New York tun 1878, gashin dawisu, jan zare a tsakiya, dawisu kuma. Abokinsa Dan Bailey ne ya ba da shawarar a sa musu sunan Wulff, kuma shi Bailey ɗin a 1938 ya buɗe shagonsa a Livingston, nan kusa da kai, tafiyar kamar rabin awa a mota daga Bozeman, daga can ƙudajen suka bazu a yammacin Amurka. Kaga kenan kana zaune ne a ƙasar da ta raini wannan ƙudan, rafukan da ke kewaye da kai su ne irin ruwan da ya fi so.

Abin riƙewa a nan shi ne ƙuda ne na ruwa mai gudu da hargitsi, inda kifi ba shi da lokacin tsayawa ya ƙare wa abu kallo. Duk yadda aka tsara shi dan wannan ne.

Fiffiken ba shi ke sa ya yi iyo ba

Nan ne mafi yawan masu farawa ke ruɗewa, kuma ina kyautata zaton nan taka matsalar take duk da ban riƙe ƙudan naka a hannu ba. Mutum ya ga Wulff da fiffike fari tas a tsaye sai ya ɗauka yawan gashin nan ne ke riƙe shi a saman ruwa, sai ya yanko gashi tuli guda ya ɗaura. Alhali farin gashin maraƙi da muke sa wa Royal Wulff a yau ba ramin iska a cikinsa, ba kamar gashin jikin barewa ko na dabbar nan elk ba da cikinsa yake kamar soso. Aikin fiffiken biyu ne kawai, ka hango ƙudanka cikin kumfa da walƙiyar rana, sannan kifi ya ga siffar ƙwaro mai fiffike a tsaye. Abin da ke ɗauke da ƙudan wutsiya ce da hakul. Duk silin gashin da ka ƙara a fiffike nauyi ka ɗora a sama kuma a gaba, shi ya sa yake faɗuwa ta fuska, kamar jakin da aka labta wa kaya a wuya.

Dan haka abu na farko, rage gashin fiffike. Yanko abin da kake gani ya isa, ka cire sulusinsa, sauran shi ne daidai. A ƙugiya lamba 12 (lamba na ƙaruwa ƙugiya na ƙanƙancewa) in ka murza gashin tsakanin yatsunka kaurinsa kar ya wuce na tsinken ashana sosai. Ka riƙe bakin gashin ka taje gindin da ɗan mataji ka fitar da laushin nan na ƙasa da gajerun silin, wannan laushin shi ke shan ruwa kuma shi ke hana gashin jeruwa. Sai ka zuba shi ta baki cikin ɗan bututun daidaita gashi ka bubbuga a tebur har bakunan su zo daidai. Gashin jelar maraƙi yana da lanƙwashe-lanƙwashe, yana gardama, wani lokaci sai ka fitar ka sake tajewa ka mayar sau biyu. Ni daga lamba 12 zuwa manya nake amfani da na jela, daga 14 zuwa ƙanana kuma na jikin maraƙi, dan ya fi miƙewa ya fi siranta.

Awo

Ka shimfiɗa zare a jikin ƙugiya tukuna dan gashin maraƙi santsi gare shi, in ƙarfe ne zalla zai yi ta juyawa. Wurin zaman fiffike shi ne sulusin jikin ƙugiya daga kafa, wato ɗan ramin da ake zura tifet. Mutane da yawa suna matso shi gaba kusa da kafa, sai ya zama ba wurin naɗa hakul a gabansa, kuma hakul ɗin gaban nan shi ne ƙafafun da ke tare ƙudan kar ya kife. Wallahi rabin Wulff ɗin da nake gani suna kifewa wannan ne dalilinsu. Tsayin fiffike daidai da tsawon miƙaƙƙen jikin ƙugiya, kar ya wuce. Ka ɗora gashin bakinsa na kallon gaba ta saman kafa, ka matse da yatsu biyu ka ja zare ta tsakaninsu dan gashin ya zauna a sama kar ya zagaye ƙugiyar, ka ɗaure da ƙarfi kana komawa baya, sai ka yanke gindin a karkace ya zama gangare ba tudu ba. Ɗaga gashin sama ka tara zare a gabansa har ya tsaya da kansa, ka raba shi biyu daidai wa daida, ka gitta zare tsakaninsu nan da can, sannan ka zagaye gindin kowane ɓangare sau uku huɗu. Ka juyo ƙudan ka kalle shi ta gaba, in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya kauri ko tsayi ko ya fi kwantawa, kwance ka sake, kar ka ce ai ba komai. Wannan rashin daidaiton shi ke mayar da ƙuda farfela a iska, yana juyawa yana murɗe maka tifet. Ɗigon gam kaɗan a gindin fiffiken yana taimakawa.

Wutsiya ita ce mutane ke rainawa. Ni gashin jikin dabbar nan mus nake sa wa, baƙi mai tauri miƙaƙƙe, kamar sili goma a lamba 12, wasu na sa na elk ko jelar barewa mai ruwan ƙasa kamar yadda Wulff ya fara. Tsawonta daidai da jikin ƙugiya, in ma za ka yi kuskure gara ta ɗan fi tsawo da ta gaza, dan ita ke rinjayar nauyin fiffike. Ka sa gindinta ya haɗu da inda gangaren gindin fiffike ya ƙare, sai jikin ya fito sumul ba rami ba tudu. Sannan ga sirrin, ka matse zare da ƙarfi a tsakiya amma in ka iso kusa da lanƙwasar ƙugiya ka sassauta hannu, in ka matse a nan gashin zai baje kamar tsintsiya, kuma in ka gangara kan lanƙwasar wutsiyar za ta kalli ƙasa ta ɗage bayan ƙudan ta tura shi gaba, ga wani dalilin kifewa kenan.

Jiki ba wuya. Silin dawisu biyu, ka murɗa su da zarenka kafin ka naɗa saboda haƙoran tirawut na tsinka dawisu nan da nan, ka yi ɗan dunƙule, jan zare a tsakiya siriri, wani dunƙulen kuma, ka tsaya da ɗan tazara kafin fiffike. Jan zaren na yin duhu in ya jiƙe, in kana so ya ci gaba da haske ka shimfiɗa farin zare a ƙarƙashinsa.

Sai hakul, kuma a nan ne nake ce wa kowa in kuɗinka kaɗan ne toh a nan za ka kashe su. Na zakara ne ake so, mai tauri mai sheƙi, in ka lanƙwasa shi silin su miƙe tsaye. Mai laushi irin na kaza ruwa yake sha, na ƙudajen ƙarƙashin ruwa ne, in shi kake naɗawa ko me ka shafa wa ƙudan sai ya nutse. Tsawon silin kamar buɗin bakin ƙugiya sau ɗaya da rabi. Ka tsige laushin gindin gashin ka yar, ka naɗa sau huɗu ko biyar a bayan fiffike, ka tsallaka ta ƙasa ka yi uku huɗu a gaba, kowane naɗi na taɓa ɗan'uwansa amma ba ya hawa kansa. Wulff ana cika masa hakul fiye da sauran ƙudaje, da gashi biyu ake yi a da, yanzu dogon gashin bayan zakara guda ɗaya yana isa. Kuma ka duba ƙugiyar kanta, in mai kaurin waya ce ta ƙudan ƙasa ka ɗauka, nauyinta kaɗai ya isa ya nutsar da shi.

In ka gama ka cilla shi sama ya faɗo kan tebur sau biyar. In yana sauka a tsaye kan bakin wutsiya da bakin hakul, ƙugiya na ɗan shafar tebur ko ma ba ta taɓa ba, ya yi. In ya kife a tebur toh a rafi ma kifewa zai yi. Shawarata ka ɗaura guda goma sha biyu lamba 12 a jere ba tare da canza komai ba, ka jera su ka kwatanta na farko da na ƙarshe, hannu da maimaici yake koyo. Shi Lee Wulff ma a yatsunsa yake ɗaura nasa ba tare da abin matse ƙugiya ba, kuma kifi bai ƙi su ba, dan haka tsadar kayan aiki ba ita ce maganar ba.

A bakin rafi

Murɗewar tifet ba daga ɗauri kaɗai take ba. Ƙuda mai fiffike biyu a tsaye yana kama iska, in ka haɗa shi da tifet siriri dole ya murɗe. Ƙa'idar da muke bi ita ce raba lambar ƙugiya gida uku ka samu lambar kaurin tifet, lamba 12 ta ba ka 4X kenan, lamba 14 da 16 kuma wajajen 5X. Lambar X na ƙaruwa tifet na sirancewa, da Wulff kar ka sa wanda ya fi haka siranta, a lamba 10 ni 3X nake sawa ba na ko tunani. Sannan ka rage yawan kaɗa sanda a iska, kowane kaɗi juyi ne ga ƙudan.

Maganin iyo kuwa tun yana bushe ake shafawa, kafin jifan farko, ɗan kaɗan a yatsa ka murza ya narke ka shafa wa hakul da wutsiya da fiffike. In ka bari ya jiƙe sannan ka shafa, ruwan ka kulle a ciki. Bayan kowane kifi ka wanke yauƙin bakinsa a ruwa, ka matse ƙudan da tsumma, ka girgiza shi cikin garin nan mai busarwa, sai ya dawo sabo. Wannan yauƙin shi ne babban mai nutsar da ƙuda, mutane ba sa lura.

Yanzu inda za ka jefa. Ka hau rafin Gallatin ta cikin kwazazzabon nan hanyar Big Sky bayan ruwan narkewar ƙanƙara ya sauka ya washe, wato daga watan Yuli zuwa gaba. Za ka ga manyan duwatsu, kowane dutse akwai ɗan kwantaccen ruwa a bayansa, wani ma a gabansa, sai kuma layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, yawanci kumfa na bin layin. Inda kumfa ke bi nan abinci ke bi, nan kifi ke jira. Kifi na fuskantar inda ruwa ke zuwa ne, dan haka ka taho ta bayansa kana hawa sama. Kar ka yi dogon jifa. Ni da sanda mai ƙafa 9 da lida, wato zaren da ke tsakanin layi da tifet, ƙafa 7 da rabi zuwa 9 nake yi, sau da yawa layin da ke waje bai fi tsawon sanda biyu ba, in ƙudan ya sauka sai in ɗaga sanda sama yadda ba abin da ke taɓa ruwa sai ƙudan da ɗan tifet. Dalili shi ne tsakaninka da ƙudan akwai igiyoyin ruwa uku huɗu kowacce da gudunta, da zarar layi ya kwanta a kansu za su ja ƙudan ya riƙa tsaga ruwa, kuma ƙwaron gaske ba ya tafiya haka, tirawut ya san wannan sarai. Tafiyar mita ɗaya ba tare da ja ba ta fi ta mita goma da ja. Jifa biyu uku a kowane gurbi, ba motsi, ka matsa gaba.

Na fi yin kamuna a reshen yamma na Ausable kusa da Wilmington, ruwa ne mai launin shayi da duwatsu masu santsi, kuma a nan na ga abin da ya sa har gobe ba na rabuwa da waɗannan ƙudajen. Wata yamma rana ta yi ƙasa, hasken ya kwanta a kan ruwa har ba ka iya ganin komai sai ƙyalli, duk ƙudan da na sa ɓacewa yake, sai na ɗaura Ausable Wulff lamba 12, wanda Fran Betters ɗan garin ya ƙirƙira a 1964, jiki ruwan tsatsa, hakul ja da wake-wake a haɗe, zare ruwan lemo. Fiffiken nan fari kamar fitila a tsakiyar kumfa, ina ganinsa daga sauka har inda kifi ya ɗago ya ɗauka. Ƙuda ɗaya na yi yammar da shi har duhu. In za ka koyi na biyu bayan Royal, shi nake ba ka shawara, ya fi shi sauƙin ɗauri ma tunda jikin launi ɗaya ne.

In kifi ya ɗauka kar ka fizge, bari ya rufe baki ya juya kansa ƙasa sannan ka ɗaga sanda a hankali. In kuma ka ga ya taso har kusa ya kalla ya koma, ya nuna maka yana nan kuma yana da sha'awa, sai ka ɗan dakata ka sauka lamba ɗaya ko biyu, daga 12 zuwa 14 ko 16. Wata dabarar ka sa almakashi ka ɗan yanke hakul ɗin ƙasa yadda ƙudan zai zauna kusa da fuskar ruwa. Haka kuma Wulff lamba 10 ko 12 na iya ɗaukar ɗan ƙaramin ƙudan ƙasa da ka ɗaura a lanƙwasar ƙugiyarsa da tifet kamar ƙafa ɗaya da rabi, kana kamun sama da ƙasa a jifa ɗaya.

Maganar tsohon yayi

Masu ce maka ka koma na soso ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Na soso ba ya nutsewa, yana da saurin ɗauri, a lokacin fara cikin watan Agusta ni ma shi zan sa. Amma faɗuwarsa a ruwa da nauyi take kuma kwance yake, shi kuwa Wulff a hankali yake sauka yana tsaye kan ƙafafu kamar ƙwaron mefulai da ya fito yana shanya fiffike, ba aiki ɗaya suke ba, kuma a rafin da kowa ke jefa soso daga safe har yamma kifi kan saba da shi.

Inda Wulff ke gazawa kuwa ba zan ɓoye maka ba. In ka je ƙoramun marmaro na Paradise Valley kudu da Livingston, ruwa kwance garai-garai kamar madubi, ƙananan ƙwari iri ɗaya na fitowa kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan sama, kifi ya sa ido kan wannan irin kaɗai, toh a nan Royal Wulff zai wuce ta kansa sau ashirin bai ɗago ba. Nan wurin siraran ƙudaje ne da tifet 6X, kuma in kana son mai fiffiken gashi duk da haka sai ka koyi Comparadun, wanda ya samo asali daga Haystack na shi Betters ɗin, gashin barewa ne a baje kamar mafici ba hakul sam, yana kwanciya cikin fatar ruwa. In kuma ƙwarin kadis ke fitowa, masu fiffike kwance a baya kamar jinka, Elk Hair Caddis na Al Troth na 1957 ya fi dacewa. Kuma ka sani yawancin abin da na faɗa daga rafukan gabas na koye shi, na yamma sun fi faɗi sun fi iska, dan haka ka riƙa tambayar masu shagunan kayan kamun kifi na garinku wace lamba ke ci a makon.

Abu na ƙarshe, ka yanki lasisin jiha kafin ka shiga ruwa, ka matse kunnen ƙugiya da filaya dan sakin kifi ya yi sauƙi, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi. Ka riƙa yawo da ɗan ma'aunin zafi, tirawut kifin ruwan sanyi ne, in ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyos wahalar ja kaɗai na iya kashe shi ko da ka sake shi yana iyo. A Montana in zafi ya yi yawa da rani hukumar kula da kifi kan hana kamu a wasu rafuka daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare, sai ka duba sanarwarsu kafin ka fita. In ka ɗaura goma sha biyun nan ka ɗauki hoton na farko da na ƙarshe, ɗaya ta gefe ɗaya ta gaba, ka turo in duba maka fiffiken da wutsiyar.